Won miliyan 18 a dare ɗaya: ba Cho Seung-woo ne ya ɓata wasan daɓen Koriya ba

A watan Oktoba na 2010 jarumi Cho Seung-woo ya gama hidimar ƙasa ta tilas da ke kan kowane namiji lafiyayye a Koriya ta Kudu, kuma kafin shekarar ta fita ya koma dandamali a wasan Jekyll & Hyde a zauren Charlotte da ke Seoul. Amma ba muryarsa aka fara magana a kai ba. Kuɗinsa ne ya cika jaridu: won (kuɗin Koriya ta Kudu) miliyan 18 a kowace fitowa, fitowa 80, jimla won biliyan 1 da miliyan 440. Tun daga lokacin, duk sanda tikiti ya ƙara tsada ko aka ji 'yan amshi suna kukan ba a biya su ba, sai a waiwayo kansa da ire-irensa, a ce manyan jarumai sun cinye tuwon sun bar wa sauran ƙanzo.

A ganina an kama jaki an bar taiki. Kuɗin da ake ba Cho alama ce ta cutar, ba shi ne cutar ba. Cutar tana cikin yadda ake hayar zaure, yadda ake raba rawa ɗaya ga mutum uku ko huɗu, da yadda ake sayar da tikiti da sunan mutum maimakon sunan wasa.

Mai kallon fina-finan Koriya a waya ko a talabijin ya fi sanin Cho da fuskar mai gabatar da ƙara marar fara'a a shirin Stranger. A gida kuwa an fi saninsa da wasan daɓe mai waƙa, wanda Koreyawa suka aro sunansa daga Turanci suke ce masa miyuzikal. Wasa ne da ake yi ido da ido a gaban jama'a, sa'a biyu da rabi zuwa uku tare da hutun rabin lokaci, makaɗa suna zaune a wani rami a gaban dandamali, jarumi yana magana yana waƙa da ƙaramin makirufo manne a goshinsa ko a kumatunsa. Babu "a yanke", babu "a sake". In murya ta karye, kowa ya ji.

An haifi Cho a 1980. Yana ɗalibi a Jami'ar Dankook darakta Im Kwon-taek ya zaɓe shi ya ja fim ɗin Chunhyang, wanda ya shiga gasar fina-finai ta Cannes da ke Faransa a 2000. Fim ɗin Marathon na 2005, inda ya fito a matsayin saurayi mai lalurar galahanga da ke tseren gudun fanfalaki, ya jawo 'yan kallo sama da miliyan 5. Mutum da irin wannan kasuwa a silima ba ya buƙatar wahalar dandamali. Shi kuwa dama can dandamalin yake so, tun yana yaro da ya kalli Man of La Mancha a makarantar da yayarsa take karatu.

Abin da ya canza kasuwar baki ɗaya shi ne Jekyll & Hyde na 2004. Wannan wasa ya yi kusan shekara huɗu a Broadway, cibiyar wasan daɓe ta New York, daga 1997 zuwa 2001, ya rufe bai mayar da uwar kuɗi ba. A Seoul sai ya zama saniyar tatsa, ana maimaita shi har yau. Akwai wata waƙa kusa da ƙarshe da ke nuna dalilin. Jarumi ɗaya ne a tsaye, yana rera muryar mutum biyu da ke faɗa a cikin jiki guda. An ɗaure gashinsa ta gefe ɗaya, ɗaya gefen an sake shi ya rufe fuska. Ya juya dama, fitila ta haska likita mai natsuwa, murya a sama kuma tsaf. Ya juya hagu, launin fitila ya sauya, kafaɗa ta ranƙwafa, murya ta koma can ƙasan maƙogwaro. Tun ana sauyawa bayan baiti har a koma sauyawa bayan kalma biyu. Numfashi ɗaya in ya kuɓuce, ko mai kula da fitila ya makara da rabin daƙiƙa, abin tsoro ya koma abin dariya. Cho ya yi shi yadda 'yan kallo suka haɗa sunansa da na rawar suka riƙa cewa Cho-Jekyll, kuma ranakun da zai fito suka riƙa ƙarewa tun kafin wasu su gama shiga shafin sayar da tikiti.

To, a yi lissafin kasuwa. Zauren Charlotte yana da kujeru kimanin 1,200. In aka raba won miliyan 18 a kansu, kowace kujera ta ɗauki won 15,000, a lokacin da kujera mai kyau ta haura won 100,000. Furodusan da ya san cewa sunan mutum ɗaya zai cika masa zaure daga layin gaba har ƙuryar bene, ba ranar Asabar kaɗai ba har da daren Talata, ba almubazzaranci ya yi ba da ya biya wannan kuɗi. Inshora ya saya. Kujerar da ba a zauna a kanta ba a daren yau ba a iya ajiye ta a sayar gobe.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce: me ya sa furodusa yake buƙatar inshora mai tsada haka?

Amsar tana cikin kalanda. A Broadway da Landan, wasa yakan shiga zaure ba tare da ranar fita ba. Muddin abin da ake samu a mako ya ɗara abin da ake kashewa, wasan yana nan. The Phantom of the Opera ya zauna a New York daga 1988 har 2023. Kuɗin gina dandamali, ɗinka tufafi da atisaye ana kashe su sau ɗaya ne, sai a yi ta cire su a hankali cikin shekaru, baƙi 'yan yawon buɗe ido suna cika kujeru. A Seoul manyan zauruka 'yan kaɗan ne: Charlotte, Blue Square mai kujeru kimanin 1,700, Cibiyar Sejong mai kimanin 3,000, Cibiyar Fasaha ta Seoul, da wasu ƙalilan. Ana kama su haya tun shekara guda ko fiye kafin lokaci, kuma galibi wata biyu zuwa huɗu ake ba wasa. Ranar fita a rubuce take tun kafin a buɗe. In wasa ya karɓu ba damar ƙara masa lokaci domin wani yana jiran zauren. In bai karɓu a makon farko ba, babu lokacin da labari zai bi baki ya jawo mutane. Duk abin da aka kashe, har da kason masu haƙƙin mallaka na ƙasar waje, dole ya fito cikin fitowa ɗari ko ƙasa da haka.

An taɓa gwada doguwar hanya. Kamfanin Shiki na Japan ya buɗe zauren Charlotte a 2006 da The Lion King, ba tare da wani babban suna ba, ya yi shekara guda, ya tashi da asara. Furodusoshin Koriya sun riƙe wannan darasi gam, har ma sun riƙe shi fiye da kima.

Daga nan aka samu tsarin raba rawa. Babbar rawa ɗaya, jarumai uku, wani lokaci huɗu ko biyar, suna karɓa-karɓa. Ba a sayar da tikitin wasan gaba ɗaya a rana guda. Ana buɗe shi kashi-kashi, kowane kashi makonni biyu ko uku, kuma 'yan kwanaki kafin a buɗe ake fitar da jadawali mai nuna wa zai fito ran kaza, tare da wa. Wannan jadawalin shi ne ainihin hajar. Mai saye ba ya cewa zai kalli wasa kaza, cewa yake zai kalli wane da wance ranar Alhamis. A harabar zaure akan kafa allo mai hotunan waɗanda za su fito a daren, mutane su yi layi su ɗauki hotonsa. Mafi yawan masu sayen tikitin mata ne 'yan shekara ashirin zuwa talatin da wani abu, kuma a cikinsu akwai waɗanda ake wa laƙabi da 'yan ƙofa mai juyawa, domin suna fita suna sake shiga: wasa ɗaya sau goma, sau ashirin, don su ga kowane haɗi. A ƙananan zaurukan unguwar Daehangno da ke Seoul har kati ake ba su ana buga hatimi, in ya cika a ba su rangwame ko hotuna.

Ta fuskar ciniki wannan dabara ce mai kyau, an sayar wa mutum ɗaya abu ɗaya sau goma. Ta fuskar aiki kuwa, a ɗakin atisaye ake biyan bashin.

Atisayen babban wasa yakan ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa biyu. In rawar namiji tana da mutum uku, ta mace tana da uku, haɗi tara ke nan. In manyan rawa huɗu ne kowace da mutum uku, haɗi 81. Babu daraktan da zai iya gwada haɗi 81 daga farko zuwa ƙarshe. Saboda haka akan sami daren da jarumi da jaruma za su rungumi juna a gaban mutum dubu alhali sau ɗaya ko biyu suka taɓa bin fitowar tare. Kowane jarumi da saurinsa: wani yana jan ƙarshen baiti, wani yana yankewa, wani an sauke masa waƙar da rabin mataki don ta dace da muryarsa. Shugaban makaɗa dole ya riƙe duk wannan a ka. Mai sauti yana da saiti dabam ga kowace murya. Mai fitila yana jiran jarumi ya tsaya a alamar da aka manna a ƙasa, sai a samu wannan dogo ne wancan gajere, hasken da ya dace da fuskar wani ya sauka a ƙirjin wani. Tela ya ɗinka riga uku maimakon ɗaya. Kwanakin da ake samu a cikin zauren kansa kafin buɗewa, waɗanda su ne mafi tsada kuma mafi ƙaranci, sai an kasa su uku.

Wanda ya fi shan wuya shi ne ɗan amshi, wato 'yan rawa da mawaƙan da ke cika dandamali a bayan jarumi. Su ba a raba musu rawa. Jarumi ya yi fitowarsa ya zauna ya sha ruwa, ɗan amshi ya sake yin ta da na biyu, ya sake yi da na uku. In an buɗe wasa, jarumi yana fitowa sau biyu ko uku a mako, ɗan amshi yana fitowa kowane dare ban da Litinin, kuma Asabar da Lahadi sau bibbiyu yake fitowa. Shi ne mafi ƙarancin albashi, kuma in kamfani ya karye a tsakiyar tafiya, kamar yadda ya sha faruwa a Koriya, shi ne na ƙarshe a layin biya, domin babban jarumi yana da kamfanin da ke wakiltarsa ya karɓi kaso tun gaba. A Broadway ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade mafi ƙarancin albashin mako, kuma furodusa yana ajiye kuɗin jingina kafin a soma aiki. Koriya tana da dokar kula da jin daɗin masu fasaha tun 2011, tana da samfurin kwantiragi da gwamnati ta fitar, amma samfuri shawara ce, ba ta da haƙoran da yarjejeniyar ƙungiya take da su.

Tsarin ya kuma haifar da wani abu da ba a yi tsammani ba. Tunda jarumi dare uku kawai yake aiki a mako, sauran dararen fa? Sai ya karɓi wasa na biyu, ko ya haɗa da ɗaukar shirin talabijin. Tantanin murya nama ne guda biyu ƙanana da ke gogar juna ɗaruruwan sau a daƙiƙa. In aka matsa musu ba hutu sai su kumbura, in aka ci gaba sai ƙullutu ya fito, kamar kanta a hannun manomi. Maganinsa shiru ne na makonni, wani lokaci tiyata. Cho kansa ya shiga Doctor Zhivago a 2012 ne a matsayin mai ceto, bayan Ju Ji-hoon ya janye ana dab da buɗewa saboda wannan matsala. A Disambar 2024 aka tsayar da wasan Cyrano bayan kashi na farko domin muryar Choi Jae-rim, ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi ƙarfin murya a ƙasar, ta ƙi fita, a lokacin da sunansa yake kan jadawalin wasanni fiye da ɗaya. Aka mayar wa mutane kuɗinsu har da ƙarin kashi goma cikin ɗari. Abin lura a nan: da a Landan ne, da an sanar cewa madadinsa zai ƙarasa, a ɗaga labule. A Seoul ba a iya yin haka cikin sauƙi, domin ba wasan mutane suka saya ba, mutumin suka saya. Ƙasar da take da jarumi huɗu a rawa ɗaya ta wayi gari ba ta da mai ƙarasa rabin wasa.

Ko Cho bai tsira ba. Da ya karɓi rawar Phantom a 2023, wadda aka buɗe a zauren Dream da ke Busan, ya bayyana daga baya cewa ciwon hanci da mura sun kama shi tun farkon atisaye, muryarsa ta ƙi dawowa har dab da buɗewa, har ya yi tunanin janyewa. Mutum mai shekara ashirin a dandamali ke nan.

Batun talabijin shi ne inda rayuwar aikinsa take karantar da wani abu. Bai shiga shirin talabijin ba sai 2012, bayan ya fi shekara goma yana aiki. The King's Doctor na tashar MBC, kashi 50, labarin Baek Gwang-hyeon ne, likitan dawakai a zamanin daular Joseon da ya zama likitan sarki. Daraktansa Lee Byung-hoon shi ne ya yi Jewel in the Palace, wanda masu kallo a Najeriya suka sani. Cho ya karɓi babbar kyautar tashar a ƙarshen shekarar. A wancan zamani ana ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye ne ana nuna su, kashi biyu a mako, rubutu yana isowa shafi-shafi, ana kwana a wurin ɗauka. Ba aikin da ake haɗawa da waƙar dare ba ne, kuma bai haɗa ba: shirin ya ƙare a Maris 2013, sai daga baya ya koma dandamali a miyuzikal ɗin Hedwig. Haka ma a 2018, shirin Life ya ƙare a Satumba, Jekyll ya buɗe a Nuwamba.

Sai Stranger na 2017 a tashar tvN. Hwang Si-mok, wanda Cho ya fito a matsayinsa, mutum ne da aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa yana yaro, ta rage masa jin daɗi da jin haushi. Jarumin da aka sani da ruri a dandamali aka ce ya yi kashi 16 kusan ba tare da ya motsa fuska ba. Akwai masu cewa ɗan daɓe ba ya iya kyamara, wai ya saba ɗaga murya da buɗe hannu don na ƙuryar bene ya gani. Wannan gaskiya ne ga wanda bai ƙware ba. Abin da dandamali yake koya wa wanda ya daɗe a kansa shi ne ma'auni: sanin inda za a ja numfashi, tsawon shirun da za a yi kafin amsa, da riƙe labarin mutum daga farko zuwa ƙarshe a ka, abin da ke da amfani sosai a wurin ɗaukar da ake fara da fitowa ta arba'in a koma ta uku. Wanda ya iya cika zaure da murya ya san yadda ake rage ta. Ya karɓi kyautar Baeksang ta gwarzon jarumin talabijin a 2018 da wannan rawa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Jo Jung-suk da Jeon Mi-do, waɗanda Hospital Playlist ya haɗa a 2020, daga miyuzikal suka fito. Talabijin ɗin Koriya tana girbin abin da dandamali ya shuka, ba ta biyan kuɗin taki.

Hanyar dawowa, wato sananne daga waje ya hau dandamali, ita ce mai matsala. A 2010 mawaƙi Kim Junsu ya fito a Mozart! a Cibiyar Sejong, magoya bayansa suka saye duk kujerun ranakunsa. Shi dai ya zauna a sana'ar ya nuna da gaske yake. Amma darasin da furodusoshi suka ɗauka shi ne cewa duk mai tarin magoya baya zai iya cika zaure, ko ya iya riƙe waƙa ta minti huɗu yana tafiya yana kuka ko bai iya ba. Raba rawa ya sauƙaƙa hakan: a sa ƙwararru biyu su riƙe mutuncin wasan, a sa sananne ɗaya ya kawo kuɗi.

Sakamakon yana kan farashi. Shekaru da dama kujera mafi tsada ta tsaya a won 150,000. A 2022 aka fasa wannan rufi, Moulin Rouge! ya kai 180,000, Phantom na 2023 ya kai 190,000. Mafi ƙarancin albashi a Koriya a 2023 won 9,620 ne a sa'a, wato mai ƙaramin aiki sai ya yi kusan sa'a 20 kafin ya sayi kujera ɗaya. Ƙari a kan haka, yankin da ake kira na manyan baƙi yana ta faɗaɗa a taswirar zaure har ya cinye kujerun da ba su cancanci sunan ba. 'Yan kasuwar bayan fage suna amfani da manhajar da ke danna saye cikin ƙiftawar ido, su sake sayarwa ninki biyu ko uku. A Maris 2024 doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai won miliyan 10 ga mai yin haka. Kasuwar miyuzikal ta haura won biliyan 400 a 2022, amma kasuwar da ke girma ta hanyar tatsar mutane ƙalilan sau da yawa ba ta da faɗin da alƙaluman suke nunawa. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu ba sa cikin wannan lissafi.

Dole a ba masu kare tsarin haƙƙinsu. Ba don sunaye irin na Cho ba, da miyuzikal bai fita daga hannun 'yan tsiraru ba. Raba rawa yana hutar da murya in an yi amfani da hutun, kuma yana ba sabon jarumi damar tsayawa a babban dandamali a inuwar babba. Duk wannan haka ne. Amma mutum biyu sun isa su cika wannan buƙata. Na uku da na huɗu ba don murya aka kawo su ba.

Gyaran da nake gani ba ya buƙatar a taɓa albashin kowa. Zaurukan da gwamnati ko birni ke mallaka, kamar Sejong da Cibiyar Fasaha ta Seoul, su sa sharaɗi a takardar haya: furodusa ya ajiye albashin 'yan amshi da ma'aikatan bayan fage a asusun jingina kafin a buɗe sayar da tikiti, kuma a biya kuɗin makonnin atisaye dabam, a ƙara shi gwargwadon yawan jaruman da za a maimaita fitowa da su. Wannan kaɗai zai sa jarumi na huɗu ya yi tsada a idon furodusa. Kwantiragin babban jarumi ya fayyace dararen da zai iya waƙa a mako, a haɗa da na kowane wasa da yake ciki. Kowace babbar rawa ta sami madadi da aka gwada da shi a kan dandamali, a rubuta a jikin tikiti cewa zai iya fitowa, tare da rangwamen da za a mayar in hakan ta faru. Sannan a ware wani kaso na kalandar waɗannan zauruka ga wasan da zai iya tsawaita zamansa in ya karɓu.

Kuɗin tallafi kuma ya tafi wurin marubuta. Maybe Happy Ending na Hue Park da Will Aronson ya fara ne a 2016 a wani ƙaramin zaure a Daehangno, bayan wata gidauniya mai zaman kanta ta ɗauki nauyin rubuta shi da gwada shi. A Yunin 2025 ya ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Broadway, guda shida a New York, har da ta gwarzon miyuzikal. Wasan da aka rubuta a gida ba ya biyan kason haƙƙin mallaka zuwa waje, shi ake biya.

A kakar 2024 Cho ya yi wasan daɓe marar waƙa a karon farko a rayuwarsa, Hamlet, a zauren Towol na Cibiyar Fasaha ta Seoul mai kujeru kimanin 1,000. Ba a raba rawar ba. Shi kaɗai ya riƙe ta wajen wata guda, sa'a uku kowane dare, da abokan wasa iri ɗaya tun daga ranar farko ta atisaye har ranar rufewa, kuma tikiti ya ƙare tun kafin a ɗaga labule.